Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Kowa: Gargaɗi Ga Masu Yawon Bahar Rum

Kowace shekara, tun daga watan Afrilu har zuwa na Oktoba, manya-manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sukan cika tashoshin Bahar Rum. Jirgi guda yakan ɗauki fasinja 3,000, wani ma fiye da 5,000, ya yi mako guda yana bin gaɓar Sifen da Faransa da Italiya, ko kuwa tsibiran Girka. Da dare a yi ta tafiya, gari na wayewa a ga an iso wata sabuwar tasha, jama'a su sauka su ga gari, da yamma su komo. Ɗakin kwana da abinci duk suna cikin kuɗin tikiti, shi ya sa mutane da yawa suke ganin babu hanyar ganin ƙasashe uku ko huɗu cikin hutu guda da ta fi wannan sauƙi.

A cikin jirgi kam ba a cika samun damuwa ba, gama ma'aikata sun shirya kome. Wahalar tana kan tudu, cikin 'yan sa'o'in nan da fasinja yake zama baƙo a garin da bai san harshensa ba. Akwai kuwa ƙa'ida guda wadda duk sauran shiri ya rataya a kanta, watau jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawo da kansa ya makara. Wanda aka bari, shi zai nemi hanyar tarar da jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, alhali kuwa tufafinsa, wataƙila har da maganinsa, sun yi nisa cikin teku.

Sunan Gari Dabam, Tasha Dabam

Abu na farko da yakan ruɗi sabon matafiyi shi ne sunayen da ake bugawa cikin takardun talla. In an rubuta birnin Rum, to, a Civitavecchia jirgi zai tsaya, kimanin kilomita 80 daga birnin. In an rubuta Florence, a Livorno ake nufi, tsakaninsu kuwa akwai wajen kilomita 90. Atina ita ce mai dama-dama, domin tasharta, Piraeus, ba ta wuce kilomita 12 daga tsakiyar gari ba. Birnin Venice kuma, tun watan Agusta na 2021 gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka wuce tan 25,000 ratsa mashigin ruwan da ke tsakiyarsa. Saboda haka waɗansu suna tsayawa a Marghera, waɗansu kuwa can Trieste ko Ravenna, tafiyar sa'a biyu ko fiye.

Akwai tashoshin da ba su da wannan matsala. A Napoli mutum na saukowa ya shiga gari da ƙafa. A Barsalona akwai bas mai jigila daga inda jirage suke tsayawa zuwa gindin gunkin Columbus, a bakin shahararren titin nan La Rambla. Wajibi ne dai matafiyi ya binciki ainihin sunan kowace tasha da nisanta tun yana gida, gama matambayi ba ya ɓata.

Lissafi Daga Ƙarshe Ake Fara Shi

Lokaci biyu ne ake sanarwa kowace rana: lokacin tashin jirgi, da lokacin da lalle kowa ya kasance ya shigo, wanda galibi yakan riga na farkon da minti 30. Na biyun shi ne abin riƙewa, kuma daga gare shi ake lissafi a komo baya.

Alal misali, a ce jirgi ya iso Civitavecchia ƙarfe 7 na safe, zai tashi ƙarfe 7 na yamma. Ke nan ƙarfe 6.30 za a rufe ƙofa. Jirgin ƙasa daga babbar tashar Termini ta birnin Rum yakan ci sa'a guda da 'yan mintoci. Daga tashar jirgin ƙasa ta Civitavecchia zuwa dandalin Largo della Pace akwai tafiyar kamar minti 20 a ƙasa, sa'an nan a jira bas ɗin da ke kai mutane bakin jirgi. Duka-duka sa'a biyu ke nan. In aka ƙara sa'a guda saboda tsautsayi, sai a ga ya kamata mutum ya bar birnin tun ƙarfe 3.30. Da safe ma sa'a biyu ɗin nan za a ci kafin a isa. Watau daga cikin sa'o'i 12 da aka rubuta a takarda, abin da zai samu a cikin birnin bai wuce shida da rabi ba. Wanda ya gane haka zai zaɓi wuri biyu ya gan su a natse, ya bar sauran sai wani jiƙon.

Har wa yau akwai batun agogo. Girka tana gaban Italiya da sa'a guda, wayar hannu kuwa takan sauya lokaci da kanta ba tare da mai ita ya lura ba. Agogon jirgi shi ne alƙali, saboda haka a daidaita agogon hannu da shi kafin a sauka.

Waɗansu wuraren kuma jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya can cikin ruwa a riƙa fito da mutane cikin ƙananan jirage. Tsibirin Santorini shi ne babban misali. Ana sauke fasinja a tsohuwar tasha, garin Fira kuwa yana can bisa dutse, sai dai a hau keken da ke rataye a igiyar ƙarfe ko a taka matakala kusan 600. Ranar da jirage uku ko huɗu suka haɗu, layin masu jiran saukowa da yamma yana iya cin sa'a guda, jirgin fito na ƙarshe kuwa yana da nasa lokacin. Daɗin daɗawa, tun shekarar 2025 Girka take karɓar Yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka Santorini ko Mykonos a tsakiyar bazara.

Yawon Kamfani Ko Na Kai?

Kowane jirgi yana sayar da nasa yawon, da mota da ɗan jagora. Yana da tsada, sau da yawa ya ninka abin da mutum zai kashe in ya tafi da kansa, kuma tafiya cikin ayarin mutum 40 ba ta da sauri. Amma abin da ake saye da wannan kuɗi shi ne kwanciyar rai: in motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta, in kuwa jiran bai yiwu ba, kamfanin ne zai kai mutane tasha ta gaba.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba. Inda gari yake nesa, kamar Florence, ko inda tsayawar ba ta da tsawo, gara a bi kamfani, gama arha ba ta ado. Inda tasha take cikin gari, kamar Barsalona da Napoli, babu dalilin biyan kuɗin abin da ƙafa za ta iya yi. Daga Napoli jirgin ƙasa na Circumvesuviana yakan kai mutum kufan Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, cikin minti 40. Daga Piraeus kuwa layi biyu na jirgin cikin gari suna shiga Atina, na biyun tun 2022 ya iso tashar.

Mai tafiya da kansa lalle ne ya sayi tikitin shiga manyan wurare ta intanet tun da sauran kwanaki. Tun 2023 aka ƙayyade masu hawa dutsen Acropolis na Atina, mutum 20,000 a rana, kowa da sa'arsa, aka kuma yi wa Pompeii irin wannan iyaka a ƙarshen 2024. A kuma duba ranakun hutu: gidan kayan tarihi na Uffizi a Florence ba ya buɗewa ran Litinin, na fadar Fafaroma kuwa a rufe yake ran Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata.

Sufuri Da Tsaron Aljihu

A Italiya tikitin takarda na jirgin ƙasa mai tsayawa ƙananan tashoshi sai an buga masa hatimi a wata 'yar na'ura kafin a shiga, in ba haka ba a ci mutum tara ko da ya biya. Yajin aikin ma'aikatan sufuri ma ba baƙon abu ba ne a can, amma akan sanar da shi tun da wuri. A ranar yajin ana tabbatar da zirga-zirga daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da kuma 6 zuwa 9 na dare. Wannan ya yi wa ma'aikatan gari daidai, amma fasinjan da za a rufe wa ƙofa ƙarfe 6.30 ba zai amfana da shi ba. Ranar irin wannan, a bi motar kamfani ko a tsaya kusa da tasha.

Tasi mai rajista tana da launinta: fara a Rum da Napoli, baƙa da rawaya a Barsalona, rawaya a Atina. A tabbata an kunna mita ko an yanke kuɗi kafin mota ta tashi, a kuma guji masu tare mutane a bakin ƙofa. 'Yan sane sun fi yawa a cikin cunkoson bas da jirgin ƙasa da kan La Rambla, saboda haka a fita da kuɗin yini kaɗai. Kada kuma a sauka ba tare da takardar shirin ranar ba, domin a cikinta ake buga lambar wayar wakilin jirgin na wannan tasha, shi ne kuwa mutum na farko da wanda ya makara zai kira. Lambar neman agajin gaggawa a duk ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.

Masauki Kafin Tashi Da Bayan Sauka

Kuskure mafi tsada shi ne isowa ta jirgin sama a ranar da jirgin ruwa zai tashi. Mai tahowa daga Kano ko Abuja galibi sai ya sauya jirgi a hanya, jinkirin sa'o'i kaɗan kuwa, ko akwatin da ya maƙale a baya, ya isa ya rushe tafiyar duka. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar mako guda ba. A nemi masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ko a garin tashar ruwan kansa, gama daga filin jirgin sama na Fiumicino zuwa Civitavecchia babu jirgin ƙasa kai tsaye, sai an sauya a cikin birnin Rum.

A karanta sharuɗɗan fasa ɗaki kafin a biya. A kuma sani yawancin biranen nan suna karɓar harajin baƙi a kan kowane mutum kowane dare, ban da kuɗin ɗaki. Ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe 2 ko 3 na rana ba, amma akan yarda a ajiye kaya. Ranar komawa gida kuwa, kada a kama jirgin saman da zai tashi kafin azahar, domin sauke dubban mutane da kayansu yakan ci safiya.

Batun Takardu

Ɗan Nijeriya yana bukatar bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yuni na 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida a tashi. Abin lura a nan shi ne, in jirgi zai taɓa Turkiyya ko Tunisiya ko Montenegro ya komo, mai bizar shiga sau ɗaya ya riga ya cinye tasa, sai a hana shi hawa tun a tashar farko. A nemi biza mai shiga da yawa, a kuma sa kamfani ya bayyana a rubuce irin takardun da kowace tasha take bukata. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata shida.

Duk wannan aiki ne na 'yan maraice kaɗan da taswira da alƙalami kafin a bar gida. Wanda ya yi shi zai koma jirgi da sauran rana, ya sha shayinsa a bisa bene, yana kallon waɗanda ba su yi ba suna sheƙa gudu a bakin gaɓa.