Kafin Ka Zaɓi Mota, Fara Zaɓen Giyarta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, sayen mota ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Dalar da ake saye a kan kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a 2024, kuma da yake galibin motoci da kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi ta. Duk da haka, idan mai saye ya isa wurin dillalai da kuɗin da ya sha wuya kafin ya haɗa, fenti yake dubawa, da sanyin na'ura, da shekarar ƙira. Tambayarsa a kan giya ba ta wuce "otomatik ce?" ba. Alhali bayan inji, babu ɓangaren mota da ya kai giyabos cin kuɗi idan ya lalace. Don haka mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ya fara tsayar da irin giyar da zai iya riƙewa, sannan ya nemi motar da ke ɗauke da ita.

Abin da dillali ke kira otomatik ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohon samfurin da kamfanin General Motors ya fara yaɗawa a Amurka tun 1940, wanda mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ya sa motar ke tashi a hankali babu girgiza. Akwai CVT, wadda ba ta da giya ta ɗaya da ta biyu. Bel ne na ƙarfe yake zagayawa tsakanin wasu faya-fayai biyu masu matsewa da buɗewa. Akwai mai kuloci biyu, da ake kira DCT, wadda Volkswagen ya fito da ita a 2003 da sunan DSG. Sai AMT, irin wadda ke cikin ƙananan motocin Suzuki kamar S-Presso, wato giyar hannu ce da aka sa wa na'ura tana taka kuloci a madadin direba. Dukkansu feda biyu gare su, kuma haruffan R, N da D suna jikin sandarsu, amma cikinsu ya bambanta, haka ma man da suke sha da kuɗin gyaransu.

Tarihin wasu daga cikinsu ba ɓoyayye ba ne. Giyar PowerShift mai busasshen kuloci biyu da Ford ya sa wa Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012 ta yi ƙaurin suna wajen karkarwa da fizga, har masu motocin suka kai ƙara a Amurka, kuma a 2018 kotun tarayya ta Ostareliya ta ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya yi da koke-kokensu. Shi ma Nissan ya ninka garantin CVT na motocinsa ƙirar 2003 zuwa 2010, ya mai da shi shekara 10 ko mil 120,000. Waɗannan motocin ne ake lodowa a jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano bayan garantin ya ƙare. A nan kuma zafi ke jiransu, shi ne kuwa babban maƙiyin giya mai aiki da mai. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, ga cunkoso, ga lodi. Mai idan ya yi zafi fiye da kima sai ya tsinke, bel ya fara zamewa yana cin faya-fayan. Ga kuma matsalar man giya: CVT ta Nissan tana son NS-2 ko NS-3, ta Honda tana son HCF-2, amma a gareji da yawa jan mai ɗaya ake ɗura wa kowace otomatik.

Idan aka auna da wannan, biyu ne suka dace da mai ƙaramin kasafi: giyar hannu da otomatik tsohon samfuri. Giyar hannu ta daɗe a hannun makanikanmu tun zamanin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975. Abin da ya fi lalacewa a cikinta shi ne farantin kuloci, wanda ake canzawa a yini ɗaya, kuma idan batir ya mutu a hanyar ƙauye ana iya tura motar ta tashi. Tsohon samfurin otomatik kuwa, irin mai giya huɗu da ke cikin Corolla 'yar Amurka daga 2003 zuwa 2013, ko mai biyar da shida da ke cikin Camry, yana jure wahala, kuma kayansa sun cika Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas. Mai saye ya lura cewa suna ɗaya ba ya nufin giya ɗaya: yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014 CVT ce, haka ma Accord mai silinda huɗu daga 2013.

Wani zai ce ai CVT ta fi tsimin fetur, kuma a wannan zamani kowace lita abin lissafi ce. Gaskiya ne, amma a yi lissafin har ƙarshe. A ɗauka tana rage lita 1 a kowane kilomita 100, mutum kuma yana tafiyar kilomita 15,000 a shekara: lita 150 ke nan ya tsira da ita. Ya ninka wannan da farashin fetur na yau, sannan ya je kasuwar kayan gyara ya tambayi kuɗin giyabos ɗin motar sukutum, domin CVT idan ta tafi ba kasafai ake buɗe ta a gyara a nan ba, sai dai a sayo wata tsohuwa wadda ba a san tarihinta ba. Gyara ɗaya kan iya cinye tsimin shekaru. Wani kuma zai ce giyar hannu azaba ce a cunkoso, iyali ba kowa ya iya ta ba, kuma ranar sayarwa masu nemanta ba su da yawa. Wannan ma hujja ce mai ƙarfi, kuma ga mazaunin Legas ko mai bin hanyar Nyanya a Abuja kullum, ita ce ke yanke hukunci. Sai dai amsarta ita ce otomatik tsohon samfuri, domin busasshen kuloci biyu a cunkoson ya fi shan wuya, inda yake ta kamawa da saki har ya ɗauki zafi.

Wanda Allah ya hore wa sabuwar mota fil daga kamfani yana da sassauci, tunda garanti na kare shi, kuma CVT ta yanzu ta fi ta shekarun baya inganci. Amma garanti yana da wa'adi da sharaɗi: sai an riƙa kai motar sabis wurin wakilin kamfanin. Idan wakilin yana Legas ko Abuja, mai motar kuma yana Gusau, sai ya sa kuɗin wannan zirga-zirga a lissafi, ya kuma tambayi wanda zai taɓa giyar bayan wa'adin ya cika.

Ranar saye, a je da makaniken da aka yarda da shi, kada a dogara da wanda dillali ya kawo. A nemi a tayar da motar da sanyinta. A taka birki a sa D, sannan R: idan ta yi jinkiri kafin ta kama, ko ta buga da ƙarfi, akwai magana. Idan tana da sandar awon man giya, a zaro a goga a farin ƙyalle. Mai lafiyayye galibi ja ne ko ruwan zuma, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna kuwa ya riga ya ba da labari. A tuƙa ta har ta yi zafi sosai, a hau tudu da ita, a saurari kuka ko karkarwa, a jona ta da kwamfuta. Mai giyar hannu kuma a sa ta a babbar giya a taka totur: in ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci ya cinye. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Kada ka zuba duk abin da ka tara a farashin mota. Bar wani abu don canjin mai da gyaran farko, kuma duk giyar da makaniken garinka bai san cikinta ba, ka bar wa dillali kayansa.