Kilo Goma Sha Biyu da Rabi

Ranar 16 ga Yuli, 2020, aka ajiye wa Shugaba Muhammadu Buhari wani curin zinare a fadarsa ta Abuja. Nauyinsa kilo 12.5, Babban Bankin Najeriya kuma ya biya naira miliyan 268. Daga hannun masu haƙar gargajiya aka tattaro shi, a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na PAGMI, wanda aka buɗe rajistar ma'aikatansa a Yauri. Mu a unguwarmu ta Badariya a talabijin ɗin mai shayi muka gani. Da aka nuno gwamnanmu na lokacin, Atiku Bagudu, sai wani ya buga tebur ya ce, "Ashe a kan dukiya muke kwana, muna tashi da bashin koko!"

Ba a jima ba wata sabga ta kai ni Kwantagora. Muka bi ta Kalgo, Jega, Koko, har Yelwa, sai na ce wa direba ya sauke ni a mararrabar Birnin Yauri, in ga inda abin ke fitowa.

Tsohon birni ne, nan sarakunan Yauri suka zauna kafin a koma Yelwa. Zinaren ma ba baƙo ba ne. Turawa sun haƙa a wannan ƙasa a shekarun 1930, har Yaƙin Duniya na Biyu ya karya kasuwar, suka tafi suka bar ramuka.

A bayan gari na tarar da samari sun yi fari fat da ƙura, kamar an tono su daga toka. Wasu na cikin rami, wasu na fasa dutse da guduma, injin niƙa na ta ƙugi. Can gefe wani dattijo ya tsuguna a bakin kududdufi yana kaɗa kwano, yana zubar da laka a hankali kamar mai rege shinkafa.

"Sannu da aiki, Baba. Akwai samu?"

"Sai godiya, yaro. Matso ka gani."

Na leƙa, ban ga komai ba sai baƙin yashi. Ya ɗiga zaiba, ya murza da yatsa, ya tace a tsumma, ya ƙona a kan garwashi. Abin da ya rage bai kai ƙwayar dawa ba. Wai gwal ke nan. Hayaƙin kuwa, wanda guba ne, duk ya shaƙe abinsa.

Na tuna masa Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda a cikin gida ake daka dutsen, yara na rarrafe a kan ƙurar. Ya ce ya ji, shi ya sa ba ya shiga gida da tufafin aiki. Zancen zaiba kuwa sai ya basar.

Sannan na nuna masa hoton curin Abuja a waya, na ce giram 12,500 ne. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan irin namu ne?"

"Haka aka ce, Baba."

Ya miƙo mini wayar. Ya naɗe ɗan gwal ɗinsa a takardar alewa, ya cusa a naɗin hula, ya sake cika kwano da laka.