KIFIN ƘAWA DA ƁARNAR DA YAKE HADDASAWA

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Asiya, mutane da yawa suna kiwon ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi mai ruwa, su aje shi a ɗakin baƙi don ƙawa. Ba a cin wannan kifi, kallonsa kawai ake yi. Cinikinsa ya bunƙasa ƙwarai, har jiragen sama suke jigilarsa daga wata nahiya zuwa wata. Amma masana sun gano cewa wannan sha'awa tana jawo ɓarna ta fuska biyu: can inda ake kamo kifin, da kuma can inda ake yar da shi.

Galibin kifayen ƙawa na ruwan daɗi a tafkunan kiwo ake hayayyafa su. Na ruwan gishiri kuwa, mafi yawansu daga teku ake kamo su, musamman a ƙasashen Filipin da Indonesiya. Tun cikin shekarun 1960 waɗansu masunta suke fesa wata guba mai suna siyanur tsakanin duwatsun murjani, kamar yadda a dā ake zuba magimfa a tafki. Kifin ya suma, a ɗauke shi da rai. Da yawa suna mutuwa kafin su kai kasuwa, murjanin da yake mafakar kifaye shi ma ya mutu. Dokokin ƙasashen biyu sun hana wannan aiki, amma tsaron teku mai dubban tsibirai abu ne mai wuya.

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko tsanani. Idan kifi ya girma ya fi ƙarfin akwatinsa, ko mai shi ya gaji da ɗawainiyarsa, sai ya kai shi ruwa mafi kusa ya saki, yana ganin ya yi tausayi. Ta haka ake kyautata zaton kifin da ake kira kifin zaki ya shiga tekun Atlantika. Asalinsa daga tekun Indiya da Pasifik yake. A shekara ta 1985 aka fara ganinsa a gaɓar jihar Florida ta Amurka. Bayan shekara ashirin da ƴan kai ya game tekun Karayib. Yana da ƙayoyi 18 masu dafi, macen tana iya zuba ƙwai kusan miliyon 2 a shekara, kuma a wancan ruwa babu wata dabba da ta saba cinsa. A wani yanki na tsibiran Bahamas, tsakanin 2008 da 2010, ƙananan kifayen da yake ci sun ragu da kashi 65 cikin 100. A 2014 hukumar Florida ta hana shigo da shi da rai, amma aikin gama ya gama.

Talaka ne yake fara ɗanɗana irin wannan asara. A ƙasar Meksiko, madatsar ruwa ta Infiyernillo ta yi suna wajen kamun karfasa, dubban iyalai suna ci daga gare ta. Cikin shekarun 1990 wani kifi ɗan Amurka ta Kudu, dangin tarwaɗa mai fata kamar sulke, wanda ake sa shi cikin akwati don ya lashe gansakuka, ya ɓulla a wannan yanki. Ya yawaita har ya zama shi ne mafi yawan abin da taru yake fitowa da shi. Ƙayarsa tana yaga taru, kasuwa ba ta son shi, masunta suka yi masa laƙabi da kifin shaiɗan.

Nijar ma ta san irin wannan masifa. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta bazu bisa kogin Isa, tana tare hanyar jiragen masunta, tana toshe famfunan ban-ruwa na gonakin shinkafa, ƴar Amurka ta Kudu ce, kuma don kyan furenta aka yaɗa ta cikin duniya.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatan kwastan da na gandun daji su sa ido bisa duk wata halittar ruwa da ake shigowa da ita. Wanda ya gaji da kifinsa ya mayar wa mai sayarwa, ko ya bai wa wani mai kiwo, kada ya kai shi kogi ko tafki. Baƙon kifi in ya samu wurin zama, da wuya a fid da shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.