Direban Japan Da Ya Yi Suna Ta Hanyar Agadas

A Horo Birni, kamar sauran garuruwan ƙasar Shagari da Boɗinga, da wuya a sami yaron da bai san Toyota da Honda da Suzuki ba, tun da yake su ne ke kai jama'a kasuwa, su kuma kwaso hatsi da albasa. Amma in aka nemi sunan direban Japan ɗaya tak wanda ya shahara a tseren motoci, sai wuri ya yi tsit, har cikin ma'aikata da 'yan makaranta. Ga shi kuwa ɗaya daga cikin manyansu a nan Afirka ta Yamma ya yi sunansa.

Mutumin shi ne Kenjiro Shinozuka, wanda aka haifa a Tokyo a 1948. Ma'aikacin kamfanin Mitsubishi ne mai karɓar albashi, kuma motocin kamfanin yake tuƙawa a fagen tsere. A 1991 ya ci tseren ƙasar Kwaddebuwa, ya zama mutumin Japan na farko da ya ci wani zagaye na gasar duniya ta irin wannan tsere, ya kuma maimaita a 1992.

Babbar nasararsa ta zo ne a watan Janairu na 1997. A shekaran nan mashahurin tseren Dakar bai taɓa Turai ba. Daga Dakar aka tashi, aka ratsa ta Mali har Agadas cikin Jumhuriyar Nijar, aka huta, sa'an nan aka juya. Agadas ɗin nan ba baƙuwa ba ce ga mutanen Sakkwato, domin can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu neman ilmi. Tseren hamada kuwa ba gudu kaɗai yake bukata ba. Babu kwalta, sai rairayi da duwatsu, kuma dole direba ya dogara ga abokin zamansa mai karanta masa littafin hanya. In wannan ya kuskure, mota ta ɓace ko ta kafe, wahalar kwanaki ta tashi a banza. Wani Bafaranshe, Henri Magne, shi ya yi wa Shinozuka wannan aiki. Da Pajero suka zo na ɗaya, yana da shekara 48, kuma kafin shi babu ɗan Japan da ya taɓa cin tseren.

Bayansa Hiroshi Masuoka ya ci a 2002 da 2003. A Amurka ma Takuma Sato ya ci tseren Indianapolis na mil 500 har sau biyu, a 2017 da 2020.

Dalilin rashin sanin waɗannan mutane a nan ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni sunan mota suke talla, ba na direba ba, shi ya sa Pajero ta zama motar manya, mai tuƙa ta ga nasara kuwa ba a ji labarinsa ba. Har ila yau tseren kansa ya bar Afirka: an soke na 2008 saboda matsalar tsaro, aka koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya.

Shinozuka bai manta da Afirka ba, domin ya taimaka an gina makarantar firamare a Dakar. Ya rasu a watan Maris na 2024, yana da shekara 75.