Shirin Musamman: Aman Jini da Tiyatar Karkatar da Jinin Hanta

 Yau za mu taɓo wata larura da ke zuwa ba sallama. Mutum na zaune ƙalau sai ya kece da aman jini guda-guda, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin. Wasu su ce olsa ce, wasu su ce jifa ne. Sau da yawa kuwa daga hanta matsalar take.

Jinin da ke fitowa daga hanji da saifa yana taruwa a wata babbar jijiya da ke shiga hanta. In hanta ta yi tauri, sai hanya ta cushe. Kamar kwalbati ne ya toshe da damina, ruwa ba ya jira, cikin gidaje yake bi. Jinin sai ya danna ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi, inda abinci ke gangarawa ciki, su yi ta kumbura. A jikin mai lafiya matsin jinin jijiyar hanta bai wuce 5 ba a ma'aunin likitoci. Da ya kai 12, jijiyoyin da suka kumbura suna iya fashewa.

A ƙasarmu abu biyu ne kan gaba wajen jawo wannan. Akwai ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Akwai kuma tsargiyar hanji, da ake ɗauka a ruwan dam da kududdufi inda dodon koɗi yake, wato larurar masu noman rani da masunta da yara masu iyo. Ku riƙe wannan bambanci: ciwon B naman hanta yake cinyewa, ita kuwa tsargiya hanyoyin jini take toshewa, hantar na nan tana aikinta. A kan wannan likita ke zaɓen aikin da zai yi.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Akwai ƙwayar propranolol mai rage matsin, sannan a zura na'urar leƙen ciki ta baki a ɗaure jijiyoyin da 'yar roba. Irin wannan ne ke sa a tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Sai jini ya ƙi tsayawa ake batun karkatar da shi.

A 1945, a Amurka, likitoci Whipple da Blakemore suka riƙa haɗa jijiyar hanta kai tsaye da babbar jijiyar da ke komawa zuciya. Aman jini ya tsaya, amma fa da tsada. Jinin da hanta ba ta tace ba yana kai guba ƙwaƙwalwa. Sai ka ga magidanci yana barci da rana, ido biyu da dare, in ya miƙa hannu yana karkarwa, yana kiran ɗansa da sunan ƙanensa. Dangi su ce iska ce, a tafi ruƙiyya, alhali daga hanta ne.

Shi ya sa a 1967 Dakta Warren ya fito da dabarar karkatar da jijiyar saifa kaɗai zuwa ta ƙodar hagu, a bar sauran jinin ya bi hanta. A 1988 kuma a Jamus aka soma aikin da ake kira TIPS: ba a farka ciki, ta jijiyar wuya ake bi a kafa ɗan bututu cikin hanta. Yana ceton rai, sai dai yana iya toshewa, yana son bibiya da hoto, ga kuɗi.

Ga mai tsargiya, a ganina darasin Masar ya fi kusa da mu. Can Dakta Hassab ya shahara da cire saifa tare da ɗaure jijiyoyin, ba tare da karkatar da jini ba, kuma wani gwaji a Brazil a 1994 ya nuna ruɗewar tunani ta fi ƙaranci da irin wannan aiki. Amma wanda ba shi da saifa a ƙasar sauro, zazzaɓi ba abin wasa ba ne gare shi.

Don haka jama'a, wanda ya yi aman jini kada a ɗura masa jiƙo, kada a sayo masa diklofenak ko asfirin a kemis. A garzaya da shi Babban Asibitin Kankiya, 'yan'uwa masu iya ba da jini su biyo shi. Manya a je a yi gwajin ciwon B, jariri kuma a yi masa allurar rigakafin ciwon cikin awa 24 da haihuwa, kyauta ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu kwana nan.