Idan Bugu Ya Bambanta: Matsalar Taskar Ɓoye Saƙo a Manhajojin Sadarwa

Duk malamin da ya taɓa cewa ɗalibai su buɗe shafi na 40, sai ya tarar rabin aji suna riƙe da tsohon bugun littafin, ya ɗanɗani irin wahalar da masu tsara manhajar sadarwa suke sha. Sai dai su abin da ke hannunsu sirrin jama'a ne: kalmomin sirri, lambobin katin banki da wasiƙun mutane.

Mai tsara manhaja ba ya zama ya ƙirƙiro lissafin ɓoye saƙo da kansa, domin kuskure kaɗan a cikinsa yakan tona komai. Aro yake yi daga wata taska ta shiryayyun umarni da ƙwararru suka rubuta. Mafi shahara ita ce OpenSSL, wadda aka kafa a 1998 a kan aikin Eric Young da Tim Hudson na ƙasar Ostareliya. Kamar littafi, ita ma bugu-bugu take fitowa, kowane da lambarsa.

Kafin 2016, manhaja tana iya zura hannu kai tsaye cikin ma'ajiyar da taskar ke ajiye mabuɗan sirri, tamkar mai saye ya tsallaka bayan kanta ya ɗauko kaya da kansa. Da bugu na 1.1.0 ya fito a shekarar, sai aka rufe wannan ƙofa, ya zama dole manhaja ta roƙa ta hanyar umarnin da aka tanada, a miƙo mata. Gyara ne mai kyau, amma manhajoji da yawa sun ƙi haɗuwa da sabon bugun har sai da aka sake rubuta sassansu. Alhali kuwa kwamfutoci masu yawa suna nan da tsohon bugu, ga shi ana so manhaja ɗaya ta yi aiki da duka biyun.

Dabarar farko da ta zo wa masu tsarawa ita ce duba lamba: in bugun ya kai 1.1.0 a bi sabuwar hanya, in bai kai ba a bi tsohuwa. A nan ne aka yi tuntuɓe. A 2014 masu aikin OpenBSD sun ɓalle da tasu taskar mai suna LibreSSL, kuma suka sa ta riƙa amsawa da lambar da ke daidai da 2.0.0. Manhaja ta duba, ta ga 2 ta fi 1.1, sai ta nemi sababbin umarnin da a lokacin LibreSSL ba ta da su, aiki ya tsaya cik. Saboda haka gogaggu suka fi son a gwada taskar tun wajen harhaɗa manhaja, a tambaye ta ko tana da umarni kaza. Sannan a tattara duk bambance-bambancen a ƙaramin fayil guda, wanda ke cike wa tsohon bugu giɓin da yake da shi, sauran manhajar kuwa a rubuta ta da salon sabo kaɗai.

Akwai kuma wani tarkon. Ana iya harhaɗa manhaja da wani bugu, ta je kwamfutar mai amfani ta tarar da wani daban. Manhajar OpenSSH takan kwatanta biyun da zarar an tashe ta, in ba su dace ba ta ƙi yin aiki ta faɗi dalili. Wannan ya fi ta ci gaba a makance. Bugu na 3.0 na 2021 ya ƙara nasa: tsofaffin hanyoyin lissafi irin su RC4 da MD4 an ware su gefe, ba sa samuwa sai an nema musamman.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a zauna a kan bugu ɗaya a huta? Kowane bugu yana da ranar da ake daina yi masa gyara, na 1.1.1 an daina kula da shi kyauta a Satumbar 2023. Ɓarakar da aka gano bayan nan tana nan a buɗe ga wanda ya ƙi matsawa.

Ɓarakar Heartbleed ta Afrilun 2014 ta nuna yadda harafi ɗaya ke da nauyi. Ta shafi bugu na 1.0.1 har zuwa 1.0.1f, inda ɓarawo daga nesa zai iya kwaso kusan kilobait 64 na abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta a kowane roƙo, ya kuma maimaita yadda ya ga dama. An toshe ta a 1.0.1g. Abin mamaki, tsofaffin bugu irin su 0.9.8 ba ta taɓa su ba, domin ba su da sashen da kuskuren ya shiga. Kamfanin Red Hat kuwa ya ɗauko gyaran ya liƙa a 1.0.1e ɗin da yake rarrabawa ba tare da sauya wannan lamba ba. Sai ga kwamfutoci biyu duk suna amsa 1.0.1e, ɗaya a toshe ɗaya a buɗe, ba a iya bambanta su sai an duba lambar gyaran da mai rarrabawa ya ƙara a bayanta.