Hoton aure a Zamfara: Tsakanin kwalliya da kunya

A duk lokacin da hidimar biki ta taso a Gusau, babban birnin jihar Zamfara, akwai tambayar da kan sha wa masu ɗaukar hoto kai: yaya za a tsayar da ango da amarya su fito da kyau, ba tare da hoton ya jawo wa danginsu surutu ba?

Tambayar ba ta wasa ba ce a jihar da ta riga sauran jihohin arewacin Najeriya faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, a watan Janairun 2000, zamanin gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura.

Bisa al'ada, amarya ba ta halartar ɗaurin aurenta. Maza ne ke taruwa a masallaci ko ƙofar gida, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a shafa fatiha. Don haka hoton su biyun sai a wajen walima ko liyafa, ko bayan an kai amarya ɗakinta.

To amma yaɗuwar wayoyi masu kyamara da shafuka irin su Facebook da Instagram ta zo da hoton kafin aure, wanda ake bugawa a jikin kalanda da katin gayyata.

Kafin a shafa fatiha

Malamai da dama na sukar wannan ɗabi'a, musamman inda ake riƙe hannu ko jingina da juna. Hujjarsu ita ce sa rana ba aure ba ne, yarinyar ba ta zama matarsa ba tukuna.

Akwai kuma lissafin da iyaye mata kan yi. Idan aka fasa auren, hoton na nan yana yawo a WhatsApp, kuma galibi yarinyar ce ke kwana ciki.

Shi ya sa mai hoton da ya san aikinsa kan fara da tambayar ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Amsar ce za ta nuna masa irin tazarar da zai bari.

Ana iya nuna kusanci ba tare da an taɓa juna ba. Amarya ta zauna a kujera, ango ya tsaya daga baya, taki ɗaya ko biyu, ya ɗan karkato kafaɗa wajenta. Idan mai hoto ya ja da baya ya jawo su da gilashin kyamara, tazarar kan tsuke a ido, su fito kamar suna dab da juna alhali akwai fili tsakaninsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaikwayon tsayuwar da aka gani a finafinan Indiya ko bukukuwan Legas. Wanda aka tilasta wa abin da bai saba ba, fuskarsa ce ke tona shi: murmushin ya zama yaƙe, kafaɗa ta sandare. Amaryar da ta sunkuyar da kai kaɗan tana kallon lallen hannunta ta fi wadda aka ce lallai sai ta ƙura wa ango ido fitowa da kyau, domin kunyar tata ce, ba aro ta yi ba.

Hannu da tufa

Hannu ne ya fi ba mutane wahala a gaban kyamara, don haka akan ba shi aiki. Ango ya naɗe hannun babbar rigarsa bisa kafaɗa, amarya ta riƙe bakin mayafi, abin da zai fito da ƙunshi da zobe a lokaci guda.

Babbar riga na ƙara wa mutum faɗi idan ya fuskanci kyamara kai tsaye, shi ya sa akan ɗan juya shi gefe, a bar aikin wuyan rigar ya fito. Ita kuwa amarya, ɗaurin ɗankwali na ƙara mata tsawo, sai an lura kada a yanke shi daga saman hoton.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Afirka ta Yamma. Seydou Keita, wanda ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, ya yi suna ne wajen gyara wa mutane zama da ajiye hannu, yana amfani da hasken rana a tsakar gidansa da zane mai ado a bayansu. Hotunansa sun kai ga manyan gidajen baje kolin zane a Turai da Amurka kafin rasuwarsa a 2001.

Haske da hanya

Farar shadda mai sheƙi na iya ruɗa kyamara, ta duhunta fuska don ta daidaita hasken tufa. Ranar tsaka kuma kan jefa inuwa a kwarmin ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Hazon hunturu ma na tausasa haske, ko da yake ƙurarsa ba ta raga wa farin kaya.

Sai dai a nan ne halin da jihar ke ciki ke shigowa. Tsafe na kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bungudu kuma na kan hanyar Sakkwato, kuma yankunan biyu sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Mai hoton da ya taso daga Gusau zai so ya koma gida kafin magariba, wato daidai lokacin da hasken ya fi kyau ne yake harhaɗa kayansa.

Da yawa kan gwammace a yi hoton da safe, a inuwar zaure ko gindin bishiya a cikin gida, inda iyaye ke ganin abin da ake ɗauka.